Kwekawa da Tarihin Makyarkyata a Ibadar Ingila

Kwekawa ƙungiya ce ta Kirista da ta taso a Ingila a tsakiyar ƙarni na 17. A tsakaninsu Abokai suke kiran juna, sunan ƙungiyar kuma a takarda shi ne Ƙungiyar Abokai ta Addini. Amma sunan da duniya ta san su da shi laƙabi ne na ba'a da abokan gaba suka maƙala musu, wato Quaker, mai makyarkyata. Dalilin laƙabin shi ne a shekarun farko jikin masu ibada yakan ɗauki rawa a wurin taro, wasu har su zube ƙasa. Al'adar ba ta daɗe ba, kuma waɗanda suka fara ta su ne suka danne ta da hannunsu tun suna raye. Tasowarta da gushewarta sun rataya ne a kan yadda mutanen suka fahimci lokaci: ranar da nassi ya ce tana tafe, tana can gaba ne, ko kuwa ta riga ta iso?

Aikatau ɗin da laƙabin ya fito daga gare shi, quake, yana cikin tsofaffin kalmomin Ingilishi, domin yana nan a siffar cwacian a rubuce-rubucen da suka haura shekara 1,000. Ma'anarsa rawar da ta fi ƙarfin mai yinta, kamar ta ƙasa idan ta girgiza, ko ta mutumin da tsoro ko ɗari ya kama. Yana da maƙwabta biyu. Shake ya fi shi faɗi, domin da shi ake girgiza kwalba ko reshen bishiya, alhali a maganar yau quake ba ya ɗaukar karɓau: abu ne ke rawa da kansa. Tremble kuwa baƙo ne da ya shigo daga Faransanci wajen farkon ƙarni na 14, kuma ya fi dacewa da ƙaramar kyarma ta hannu ko ta murya. A zamanin mawaƙi Chaucer shuɗaɗɗen lokacin quake yakan zo a siffar quook, daga baya ya koma quaked kamar yawancin aikatau na harshen.

Lokaci mai zuwa shi ne ya fi muhimmanci a wannan tarihi. Ingilishi ba shi da wata siffa a jikin aikatau da ke nuna abin da bai faru ba tukuna. Tsohon Ingilishi lokuta biyu kawai yake rarrabewa, na yanzu da wanda ya shuɗe, kuma da na yanzu ake faɗar abin da ke tafe. Sannu a hankali wasu aikatau biyu suka ɗauki wannan aiki. Will asalinta so ne ko niyya, shall kuma asalinta bashi ne ko wajibi. Saboda haka will quake da shall quake duka suna nufin abu zai yi makyarkyata, amma ba nauyinsu ɗaya ba a kunnen mutumin ƙarni na 17. Ta biyun, idan ana maganar wani ko wani abu, tana ɗauke da ƙamshin hukuncin da aka riga aka zartar. Fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1611, wadda aka yi da umarnin Sarki James na Ɗaya, cike take da shall a littattafan annabawa. A sura ta 2 ta littafin Yowel, inda ake siffanta ranar Ubangiji, da ita aka haɗa quake wajen faɗar girgizar da ƙasa za ta yi.

Mutanen da suka girma da irin wannan harshe a kunne su ne suka ga ƙasarsu ta kife. Yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin Sarki Charles na Ɗaya da majalisa a 1642. A 1646 aka soke muƙamin bishop-bishop, a Janairun 1649 kuma aka sare kan sarki a bainar jama'a a Landan. Takunkumin da ke kan maɗaba'a ya kwance, kowa ya samu bakin magana, ƙungiyoyin addini suka yi ta tsirowa. Wasu suna lissafin shekarar da Almasihu zai dawo ya kafa mulki, har suna shirin ɗaukar makami su share masa hanya. Wasu kuma, waɗanda ake kira Masu Nema, sun yanke ƙauna daga dukkan coci-coci, suna taruwa su zauna shiru suna sauraron Allah ya aiko wanda zai gyara al'amari. Duk bambancinsu, jira ne ya haɗa su.

George Fox ɗan masaƙi ne, an haife shi a 1624 a ƙauyen Fenny Drayton na lardin Leicestershire. Ya yi koyon sana'a wurin wani mai ɗinkin takalma da ke haɗawa da kiwon tumaki da cinikin ulu. A 1643, yana da shekara 19, ya bar gida ya shiga yawo yana kai wa limaman coci tambayoyinsa, babu wanda ya gamsar da shi. Wajen 1647 ya fara wa'azi, kuma jigon wa'azinsa shi ne Almasihu ya riga ya zo domin ya koyar da mutanensa da kansa, ta hanyar wani haske da ke cikin kowane mutum. Inda sauran ƙungiyoyi suke cewa zai zo, Fox cewa yake ya zo. Daga nan sauran koyarwar ta biyo baya. Idan malamin yana nan, babu buƙatar limamin da ake biya albashi, babu buƙatar ruwan baftisma ko gurasa da ruwan inabi, ginin coci kuma gida ne mai hasumiya kawai, kamar yadda Fox yake kiransa. Hisabin da aka yi alkawari ma ya fara, kuma a cikin zuciya ake yinsa. A littafin tarihin rayuwarsa Fox ya bayyana cewa ƙasar da za a girgiza ita ce wadda ke cikin zukatan mutane.

Da wannan fahimta taron ibada ya zama abu mai nauyi ƙwarai. Ana taruwa a ɗakin wani manomi, ko a rumbun ciyawa, ko a gefen tudu. Babu waƙa, babu liman, babu karatun da aka tsara. Ana zaune shiru, wani lokaci sa'o'i da yawa, kowa yana jiran hasken ya tona masa abin da ke ɓoye a ransa. Waɗanda suka rubuta abin da ya same su sun siffanta shi da tsananin firgici kafin samun natsuwa, wani na kwanaki, wani na watanni. A nan ne hawaye ke zuba, nishi ya tashi, gaɓoɓi su ɗauki ɓari. Ba wani mataki ba ne na ibada da ake sa ran kowa ya yi, ba kuma da kiɗa ko motsa jiki ake jawo shi ba. Daga cikin shirun yake fitowa, kuma wannan ne ya bambanta shi da yawancin nau'o'in tsumar ibada da aka sani a wasu wurare.

A Oktoban 1650 aka gurfanar da Fox a garin Derby bisa tuhumar saɓo, ƙarƙashin dokar da majalisa ta kafa a watan Agustan wannan shekara. Fox ya ce alƙalin da ya saurari ƙarar, Gervase Bennet, shi ne ya fara kiransu da wannan laƙabi, domin ya gargaɗi alƙalan da su yi makyarkyata a gaban maganar Ubangiji. Kalmar ta riga ta fito a wata wasiƙa ta 1647 game da wasu mata a unguwar Southwark ta Landan, don haka mai yiwuwa alƙalin ya tarar da ita ne a bakin jama'a. Wata 6 aka yanke wa Fox, amma ya kusa cika shekara a tsare, saboda ya ƙi karɓar muƙamin hafsa da aka yi masa tayi a rundunar majalisa.

Shekarar 1652 ce ta mai da wa'azin mutum ɗaya ƙungiya. Fox ya hau tudun Pendle a Lancashire, ya wuce arewa maso yamma inda Masu Nema suke da yawa, ya yi wa mutum kusan 1,000 wa'azi a Firbank Fell. A gidan Swarthmoor ya samu goyon bayan Margaret Fell, matar Alƙali Thomas Fell, gidanta ya zama cibiyar wasiƙu da tara kuɗin tafiye-tafiye. Daga nan masu wa'azi kimanin 60, maza da mata, akasarinsu manoma da masu sana'ar hannu, suka bazu kudu. Kafin 1660 mabiya sun kai dubun dubata. Wasu sun tsallaka teku. Mary Fisher, wadda a da 'yar aikin gida ce, an kore ta daga Boston a 1656, bayan shekara biyu kuma ta isa sansanin Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkawa Mehmed na Huɗu kusa da Edirne, inda aka saurare ta cikin mutunci aka sallame ta lafiya. A Boston kuwa, inda Kirista 'yan uwansu ke mulki, an rataye Kwekawa 4 tsakanin 1659 da 1661, cikinsu har da Mary Dyer.

Makyarkyatar ce makamin da ya fi sauƙin ɗauka ga masu adawa. A 1653 wani limami mai suna Francis Higginson ya buga ƙasida yana siffanta tarukan arewa da faɗuwa, kumburin ciki da kumfar baki. A wannan shekara wani mutumin Kendal, John Gilpin, wanda ya shiga ƙungiyar ya fita, ya rubuta cewa Shaiɗan ne ya hau shi. An zarge su da maita, an ce suna ɗaura wa mutane ƙyalle a hannu su sihirce su. Kwekawa suka mayar da martani daga nassi: Annabi Musa ya yi makyarkyata a gaban dutse, haka Daniyel da Irmiya da Habakuk, kuma sura ta 66 ta littafin Ishaya ta yabi mai rawar jiki saboda maganar Allah. Hujjarsu ita ce wanda bai taɓa jin wannan tsoro ba, bai san ikon da yake wa'azi a kansa ba. Amsa ce mai ƙarfi, domin ta juya tuhumar a kan limaman da kansu.

Abin da ya sauya lissafi ya faru a Bristol a Oktoban 1656. James Nayler, tsohon soja kuma mai wa'azin da a Landan ake ganinsa daidai da Fox ko ma sama da shi, ya shiga birnin a kan doki cikin ruwan sama, wasu mabiya suna shimfiɗa tufafi a gabansa suna rera yabo, kwatankwacin shigar Almasihu Urushalima. Nayler ya ce alama ce kawai ta zuwan Almasihu a cikin mutum. Majalisa ta ɗauke shi saɓo, ta shafe kwanaki tana muhawara, kuma ƙuri'a 96 a kan 82 ce ta tserar da shi daga kisa. An yi masa bulala a titunan Landan da na Bristol, an huda harshensa da ƙarfe mai zafi, an yi masa tambarin wuta a goshi. Hukuncin zalunci ne tsantsa, kuma ko a lokacin mutane da yawa da ba Kwekawa ba sun roƙi a sassauta. Amma ya tilasta wa shugabannin ƙungiyar su fuskanci tambayar da suke kauce wa: idan kowa yana da haske a cikinsa, wa zai tantance abin da ya fito daga haske da abin da ya fito daga son rai?

Dawowar sarauta a 1660 ta ƙarasa aikin. Mulkin tsarkaka da aka zata ya kusa bai zo ba, sai Charles na Biyu da bishop-bishop suka dawo. A Janairun 1661 wasu masu jiran mulkin Almasihu suka yi tawaye da makami a Landan, hukuma ta kama Kwekawa dubbai tare da su. Fox da abokansa suka miƙa wa sarki sanarwa cewa sun haramta wa kansu yaƙi da makami ko da wane dalili, kuma daga nan aƙidar zaman lafiya da aka san su da ita ta kafu. Dokar Kwekawa ta 1662 da dokokin hana taron ibada na 1664 da 1670 suka cika gidajen yari da su, ɗaruruwa suka mutu a tsare. Ƙungiyar da ke cikin irin wannan hali ba ta da sararin barin kowa ya yi abin da ya ga dama. Daga 1667 Fox ya zagaya ƙasa yana kafa tarukan wata-wata masu kula da tarbiyya, aure da taimakon fursunoni. A 1673 aka kafa kwamiti a Landan mai duba duk rubutun da za a buga da sunan ƙungiya. Littafin da Fox ya tara labaran warkarwa na mu'ujiza a ciki ba a buga shi ba, tarihin rayuwarsa kuma, wanda ya fito a 1694 bayan rasuwarsa a 1691, sai da aka tace shi.

Robert Barclay, ɗan Sikotilan mai zurfin ilimi, shi ne ya ba makyarkyata matsayinta na ƙarshe a littafin da ya rubuta don kare aƙidar, wanda ya fito da Latin a 1676, da Ingilishi a 1678. Ya bayyana ta da kokawar iko biyu a cikin mutum, na haske da na duhu, wadda wani lokaci takan kai ga jiki, ya kuma ce ba su zaɓi laƙabin ba amma ba sa jin kunyarsa. Bayani ne na mutumin da ke girmama abin, amma yana kallonsa daga ɗan nesa. A zamaninsa taron Kwekawa ya riga ya koma zaman shiru mai tsari, maza gefe, mata gefe, dattawa a benci na gaba.

Abin da ya rage, ya kuma fi jawo musu duka da ɗauri fiye da rawar jiki, shi ne al'adunsu na magana da gaisuwa. Ingilishin lokacin yana da wakilin suna na mutum ɗaya, thou da thee, da na jam'i, you. Amma an daɗe ana amfani da na jam'in wajen girmama mutum ɗaya, kamar yadda yaro Bahaushe mai ladabi yakan ce wa dattijo ku maimakon kai. Zuwa ƙarni na 17, thou ta koma ta yara, barori, masoya da wanda ake son a wulaƙanta. Kwekawa suka ce kiran mutum ɗaya da jam'i ƙarya ce da fadanci, suka riƙa ce wa alƙali da uba da maigida thou. A 1660 Fox da John Stubbs da Benjamin Furly suka buga littafi sukutum a kan wannan batu, da misalai daga harsuna sama da 30, har da Larabci da Ibrananci, don nuna cewa tilo daban, jam'i daban. Haka nan sun ƙi cire malafa ga kowa sai a lokacin addu'a. Thomas Ellwood, wanda daga baya ya shirya tarihin Fox don bugawa, ya ba da labarin yadda mahaifinsa ya riƙa dukansa yana ƙwace masa malafa saboda waɗannan abubuwa biyu. Sun ƙi rantsuwa a kotu, domin rantsuwa tana nuna mutum yana da gaskiya iri biyu. Sun ƙi biyan ushirin coci. Sunayen ranaku da watanni da suka samo asali daga gumaka ma sun watsar, suka koma cewa Rana ta Ɗaya, Wata na Uku.

Shari'ar Kwekawa biyu, William Penn da William Mead, a Landan a Satumban 1670 ta nuna inda wannan taurin kai yake kaiwa. An kama su suna wa'azi a titi bayan hukuma ta kulle ɗakin taronsu, an ci su tara saboda malafa, amma mutum 12 da doka ta ɗora wa tantance laifi suka ƙi cewa sun aikata abin da ake tuhumarsu. An kulle mutanen kwana biyu ba ci ba sha, an ci su tara, suka tsaya a kan bakansu. Ƙarar da ɗaya daga cikinsu, Edward Bushel, ya ɗaukaka ta kafa ƙa'idar cewa ba a hukunta irin waɗannan mutane saboda hukuncin da suka yanke. Penn ya samu takardar mallakar Pennsylvania a 1681. Dokar sassauci ta 1689 ta halatta tarukansu, daga 1696 kuma aka yarda su yi furucin tabbatarwa a maimakon rantsuwa a yawancin al'amura.

Ƙarni na 18 na natsuwa ne da kasuwanci. An rufe musu ƙofar jami'o'in Oxford da Cambridge da ta majalisa, sai suka karkata ga sana'a, kuma al'adarsu ta faɗar farashi ɗaya ba ciniki ta sa aka amince da su. Daga iyalan Kwekawa bankunan Barclays da Lloyds suka fito, haka kamfanonin cakulan na Fry, Rowntree da Cadbury. Bankin Union na Nijeriya reshen Barclays ne kafin ya sauya suna a 1979. Mutumin nan mai malafa da ke jikin gwangwanin Quaker Oats kuwa tambarin kasuwanci ne da aka yi wa rajista a Amurka a 1877 don cin moriyar sunan da Kwekawa suka yi na gaskiya, kamfanin ba na ƙungiyar ba ne. A batun bauta sun yi jinkiri, domin da yawansu sun mallaki bayi, Penn ma haka. Takardar ƙorafi a kan bauta ta Germantown ta 1688 ba ta samu karɓuwa ba, sai bayan aikin John Woolman da Anthony Benezet taron Philadelphia ya yanke a 1776 cewa mai riƙe da bawa ba ɗan ƙungiya ba ne. Cikin mutum 12 da suka kafa ƙungiyar yaƙi da cinikin bayi a Landan a 1787, 9 Kwekawa ne.

Daga wannan zamani na natsuwa ne mutumin da ya fi kowa yaɗa ƙa'idar amfani da shall da will a makarantu ya fito. Ƙa'idar ba tasa ba ce. John Wallis, masanin lissafi na Oxford, shi ne ya tsara ta a nahawun Ingilishi da ya rubuta da Latin a 1653: idan mai magana yana faɗar abin da shi zai yi, shall labari ce kawai, will kuma alkawari ko barazana, idan yana maganar wanda ke gabansa ko wani daban, sai abin ya juye. Bishop Robert Lowth ya maimaita ta a 1762. Lindley Murray, Bakweke haifaffen Pennsylvania a 1745, lauya ne da ya koma zama kusa da birnin York saboda rashin lafiya. Malaman wata makarantar 'yan mata ta Kwekawa a York suka roƙe shi littafi mai sauƙi, ya rubuta musu nahawunsa na 1795. Littafin da taƙaitaccensa sun sayu miliyoyi a Birtaniya da Amurka, kuma ta hanyarsu da littattafan da suka kwaikwaye su ƙa'idar ta isa azuzuwan ƙasashen da Birtaniya ta mulka, har da Nijeriya. A 1925 masanin harshe Charles Fries ya bi diddigin wasannin kwaikwayo na ƙarnoni da yawa, ya nuna cewa maganar mutane ba ta taɓa bin ƙa'idar sau da ƙafa ba. A yau will ce ta mamaye, shall ta maƙale a takardun doka da tambayar neman shawara.

Makyarkyatar da Kwekawa suka ajiye, wasu ne suka ɗauka. Bayan Faransa ta soke 'yancin Furotesta a 1685, annabawa masu tsuma suka bayyana a duwatsun Cévennes, wasu daga cikinsu suka iso Landan a 1706. Wajen 1747 wata ƙaramar ƙungiya ta taru a yankin Manchester ƙarƙashin James da Jane Wardley, ibadarsu girgiza, ihu da rawa, sai jama'a suka kira su Kwekawa masu girgiza, daga baya Shakers kawai. Ann Lee, 'yar maƙeri da aka haifa a 1736, ta shiga cikinsu a 1758. 'Ya'yanta 4 duk sun mutu suna ƙanana. Ta zama shugaba, ta koyar da cewa saduwar mace da namiji ita ce tushen zunubi, kuma a 1774 ta tashi zuwa New York da mabiya 8, suka zauna a Niskayuna kusa da Albany. Sunan da ƙungiyar ta ba kanta, Masu Imani da Bayyanar Almasihu ta Biyu, ya nuna cewa aƙidar ta 1650 ce ta dawo: abin da wasu ke jira ya riga ya faru, shi ya sa jiki yake amsawa.

Abin da ya faru da Kwekawa ya maimaita kansa a nan, ta wata hanya. Bayan rasuwar Ann Lee a 1784, Joseph Meacham da Lucy Wright suka tara mabiya a ƙauyuka na tarayyar dukiya, farawa da New Lebanon a 1787. Meacham bai hana motsi ba, tsara shi ya yi: sahun maza yana fuskantar sahun mata, taku gaba, taku baya, daidai da waƙa. Daga baya aka ƙara maci a da'ira. A 1837 tsumar da ba a tsara ba ta sake ɓarkewa daga wasu 'yan mata a ƙauyen Watervliet, ta bazu dukkan ƙauyuka na wasu shekaru, har shugabanni suka rufe ƙofa ga 'yan kallo na wani lokaci. A tsakiyar ƙarni na 19 ƙungiyar ta kai 'yan dubbai a ƙauyuka kusan 20 daga Maine zuwa Kentucky, ta yi suna da kujeru, tsintsiya mai faɗi da irin shuka a ƙunshin takarda. Da yake babu haihuwa, raguwar masu shigowa ta zama raguwar ƙungiya. Rawar ta mutu wajen farkon ƙarni na 20, kuma ƙauye ɗaya ne ya rage da masu ibada, Sabbathday Lake a jihar Maine.

Kwekawa kuwa sun rarrabu a Amurka daga 1827. A Birtaniya, wajen 1860, aka daina tilasta tufafi da magana irin ta da, aka kuma daina korar wanda ya yi aure a wajen ƙungiya. Daga shekarun 1870 wani babban reshe a tsakiyar Amurka ya rungumi fastoci, waƙoƙi da wa'azin da aka shirya, kuma wannan reshe ne ya aika mutum 3 zuwa Kaimosi a yammacin Kenya a 1902. Ayyukan agajin ƙungiyar a yaƙe-yaƙen duniya biyu sun sa hukumominta na Birtaniya da Amurka suka samu kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1947. A yau Kwekawan duniya ba su kai rabin miliyan ba, kusan rabinsu suna Afirka, kuma Kenya ce ƙasar da ta fi kowace yawansu. Mafi rinjaye suna ibada da fasto da waƙa, zaman shiru irin na zamanin Barclay ya fi yawa ne a Birtaniya, sauran ƙasashen Turai da gabashin Amurka.